Zanen Yatsan Fayil: Yadda Ake Gane Manhaja Ta Gaskiya



Sa'ad da aka kawo mini takardar gayyata, an ce in zaɓi abin da na ga dama in yi magana a kai, muddin dai ya shafi kwamfuta. Na daɗe ina juya abin a raina, har ran nan na shiga kasuwar waya garin gyaran tawa, na tsaya ina kallon wani yaro mai shago yana zuba wa mutane manhaja. Mutum ya miƙa waya, ya faɗi abin da yake so, yaro ya tura masa daga tasa wayar, a ba shi ɗan abin da ya samu, kowa ya kama gabansa. Duk tsayuwar da na yi ban ji wanda ya tambayi inda yaron ya samo abin ba. Shi ma yaron, da za a tsare shi da tambaya, iyakarsa ya ce wani ne ya tura masa. Alhali kuwa a cikin wayoyin nan akwai asusun banki, akwai hotunan iyali, wasu ma har da takardun ofis. To, a nan na sami abin da zan faɗa muku yau, watau yadda mutum zai tabbata cewa fayil ɗin da ya shigo hannunsa shi ne ainihin wanda mai shi ya fitar, ba a taɓa shi a hanya ba.

Bari mu fara da sunan fayil, tun da yake shi ne abin da yawancinmu muke dogara da shi. Suna ba shaida ba ne. Kowa yana iya ɗaukar fayil ya sāke masa suna cikin ƙiftawar ido, kamar yadda ake zuba man gyaɗa a kwalbar da aka rubuta wani abu dabam a jikinta. Girman fayil ma haka, ana iya ƙara masa ciko har ya yi daidai da na gaskiya. Ranar da aka rubuta a jikinsa kuwa, ita ce ma ta fi sauƙin gyarawa. Saboda haka tilas shaidar ta fito daga cikin fayil ɗin kansa, daga abin da ya ƙunsa.

Ku ɗauka wani falke ya aika wa abokin cinikinsa buhun gyaɗa, ya haɗa da wasiƙa ya ce nauyin buhu kaza ne. In kaya suka iso aka auna aka ga ya ragu, an san wani abu ya zube a hanya. Wannan dabara tana maganin haɗari, amma ba ta maganin ɗan aike marar amana, domin shi sai ya ɗebi mudu uku na gyaɗa ya mayar da tsakuwa mai nauyinsu, ma'auni kuwa ba zai ce uffan ba. Masu kwamfuta sun daɗe da irin wannan awo, suna tara lambobin da ke cikin fayil su fitar da jimla, don gane ko wani abu ya lalace wajen aikawa. Abin da aka rasa shi ne ma'aunin da ba a iya yi masa tsakuwa.

Wannan ma'auni shi ne abin da Turawa suke kira hash, ni kuwa zan kira shi zanen yatsa, gama aikinsu ɗaya da dangwalen da muke yi ranar zaɓe. Kowane fayil, waƙa ce ko littafi ko manhaja, in aka tona cikinsa ba kome ba ne illa dogon jeri na sifili da ɗaya. Sai a ɗauki jerin nan a yanka shi gunduwa-gunduwa, a cusa gunduwar farko cikin wani injin lissafi ya cakuɗa ta, ya jujjuya ta sau da yawa, abin da ya fito a haɗa shi da gunduwa ta biyu a sāke cakuɗawa, haka har a kai ƙarshe. Abin da ya rage a hannu ɗan gajeren jeri ne mai tsawo ɗaya kullum. A tsarin da ake kira SHA-256, wanda aka fitar a Amurka a 2001, kuma shi aka fi amfani da shi yanzu a wannan aiki, jerin yana da gurbi 256 na sifili ko ɗaya, ana kuwa rubuta shi da alamomi 64, daga 0 zuwa 9 da kuma daga a zuwa f. Ko fayil ɗin wasiƙa ce mai layi biyu, ko fim ne na awa uku, alamomin 64 ne. Har fayil ɗin da babu kome a cikinsa yana da nasa zanen, yana farawa da e3b0c442, kuma duk wanda ya gwada a kan kowace kwamfuta, a Zariya ne ko a Tokiyo, abin da zai samu ke nan.

Abin da ya sa wannan ma'auni ya fi na falke shi ne halinsa. In ka canja ko da ɗigo ɗaya a cikin littafi mai shafi dubu, kusan rabin guraben nan 256 za su juya, zanen da zai fito ba zai yi kama da na farko ta ko'ina ba. Haka nan ba a komawa da baya. Wanda aka ba gari ba ya mayar da shi tsabar gero, wanda aka ba zanen yatsa kuma ba shi da hanyar ƙera fayil ɗin da zai ba da shi, sai dai ya yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Na ga ɗaliban lissafi a gefen nan suna murmushi, na kuwa san abin da suke shirin tambaya. Za su ce fayiloli ba su da iyaka, zane kuwa yana da iyaka, saboda haka dole a sami fayiloli biyu masu zane ɗaya, kamar yadda in ka zuba kaji goma sha ɗaya a akurki goma sai biyu sun kwana tare. Gaskiyarku. Akwai su, ana kiran abin karo. Sai dai yawan akurkin da muke magana lamba ce mai alkalami 78. Za ku ƙara cewa neman kowaɗanne biyu da suka dace ya fi sauƙi bisa neman abokin wani guda da aka riga aka ware, shi ma gaskiya ne: in aka tara mutum 23 kacal a ɗaki, ya fi kusa a sami biyu da suka haɗa ranar haihuwa bisa a rasa. To, ko da wannan rangwame, mai neman karo a SHA-256 ta hanyar gwaji sai ya yi lissafi wanda yawansa lamba ce mai alkalami 39. Har yau ba wanda ya nuna wa duniya karo ko ɗaya a cikinsa.

Amma kada ku ɗauka haka abin yake ga kowane tsari, gama akwai waɗanda aka amince da su shekara da shekaru kana suka rushe. A 1991 Ronald Rivest, malami a jami'ar MIT, ya tsara MD5, mai alamomi 32. Ya bazu ko'ina. A 2004 wata malamar lissafi 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, ita da abokan aikinta suka nuna hanyar ƙera fayiloli biyu masu zanen MD5 ɗaya ba tare da dogon gwaji ba. Mutane da yawa suka ce ai wannan wasan malamai ne. A ƙarshen 2008 wasu masu bincike suka haɗa na'urorin wasa na PlayStation 3 wajen 200, suka ƙera takardar shaidar jabu irin wadda kwamfuta take dogara da ita wajen gane shafin intanet na gaskiya, suka nuna a wani taro a Balin. Sai ga shi a 2012 an gano wata manhajar leƙen asiri mai suna Flame a kwamfutocin Iran da wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya, wadda masu ita suka yi amfani da raunin MD5 suka sa ta ta yi kama da gyaran da kamfanin Microsoft yake aiko wa masu Windows. Yau kwamfutar da ke kan teburinka tana iya fitar da karon MD5 kafin ka gama shan ruwa.

SHA-1, wanda ya fito a 1995 mai alamomi 40, ya fi jurewa, amma shi ma ranarsa ta zo. A watan Fabrairu na 2017 masu bincike na wata cibiyar lissafi a Amsterdam tare da kamfanin Google suka fitar da takardu biyu na PDF, abin da ke cikinsu dabam, zanensu ɗaya. Aikin ya ci lissafi fiye da biliyan sau biliyan 9. Kuɗi ne mai yawa, amma ba wanda ya fi ƙarfin gwamnati ko babban kamfani ba.

Ina so ma'aikatan da ke nan su lura da irin wannan rauni, domin ya yi kama da wata tsohuwar cuta ta ofis. Mai karo ba ya ɗaukar fayil ɗin wani ya ƙera masa tagwaye. Wannan har yanzu ya gagara, ko a MD5. Abin da yake yi shi ne ya shirya takardu biyu tun farko da hannunsa, ɗaya mai tsabta, ɗaya mai guba, ya daidaita su zanensu ya zo ɗaya. Sai ya kai mai tsabtar a duba, a yaba, a sa hannu, sa'an nan ya zare ta ya sa ɗayar a gurbinta. Tun da yake a kwamfuta a kan zanen yatsa ake sa hannu, ba a kan takardar duka ba, hannun da aka sa wa ta farko ya hau ta biyu ke nan. Saboda haka in kuka ga shafi bai ba da kome ba sai MD5, ku sani zai gaya muku ko fayil ya lalace wajen saukewa, amma kada ku jingina da shi a kan mugu.

Yanzu mu zo ga tambayar da ni a ganina ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita aka fi mantawa. Ka sauke fayil, ka fitar da zanensa, za ka gwada shi da na gaskiya. To, na gaskiyar wa ya ba ka?

Ran 20 ga Fabrairu 2016 wani ya kutsa shafin Linux Mint, ɗaya daga cikin tsare-tsaren Linux da jama'a suka fi so. Ya juya mahaɗin saukewa zuwa wani rumbu dabam inda ya ajiye nasa kwafin na fitowa ta 17.3, wanda ya gina wa ɓarauniyar hanya a ciki. Bai tsaya nan ba, ya gyara zanen yatsan da aka rubuta a shafin ya dace da kayansa. Wanda ya sauke a ranar, ya yi ƙoƙari ya gwada da abin da ke shafin, sai ya ga kome daidai. Ɗan aike ne ya canja buhu, ya kuma canja wasiƙa. Masu shafin sun gane da wuri suka sanar da jama'a, amma darasin ya zauna: zane da fayil in sun biyo hanya ɗaya, wanda ya tare hanyar ya mallake su duka biyu.

Maganin da aka samo shi ne sa hannu na lissafi. Mai fitar da manhaja yana da mabuɗi biyu da aka ƙera tare, ɗaya na asiri yana ɓoye wurinsa, ɗaya na fili ya raba wa duniya. Da na asirin yake buga hatimi, da na filin kowa yake iya tabbatar da hatimin, amma ba a iya buga sabon hatimi da shi. Dubi yadda Debian take yi, watau tsarin nan da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda yau yake da ƙunshin manhaja fiye da 50,000. Ba a bin kowane ƙunshi a buga masa hatimi don mai saukewa. Akwai babban kundi da ya jera kowane ƙunshi da zanen yatsansa. Sa'an nan akwai wata 'yar takarda da ta ƙunshi zanen shi kundin. Ita wannan 'yar takarda ita ake buga wa hatimi, mabuɗin filin kuwa yana zuwa tun ranar da ka girka tsarin a kwamfutarka. In ka nemi wata manhaja, sai na'urarka ta duba hatimi, daga hatimi ta amince da 'yar takarda, daga ita ta amince da kundi, daga kundi ta amince da ƙunshi. In ɗigo ɗaya ya saɓa a ko'ina cikin sarƙar, sai ta ƙi. Amfanin wannan shi ne Debian tana da rumbuna a ƙasashe da yawa, a jami'o'i da kamfanoni waɗanda ba ta iko da su, kuma ba ta bukatar ta amince da ko ɗaya daga cikinsu. Ko a hannun wa ka karɓi kayan, hatimi ne zai yi magana.

Wasu ma sun wuce nan, sun mai da zanen yatsa shi ne sunan abin. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana rubutun manhaja, yana kiran kowane abu da ya ajiye da zanensa, kowane sabon gyara kuma yana ɗauke da zanen wanda ya gabace shi, ta yadda ba a iya taɓa tarihin baya ba tare da duk abin da ya biyo ya canja ba. Da SHA-1 aka gina shi, shi ya sa bayan 2017 aka ƙara masa matsara mai gane irin wancan karo, aka kuma buɗe masa hanyar SHA-256.

Akwai kuma wani amfani na juyi, wanda zai shafi masu karatun shari'a. Wani lokaci fayil ne a hannunka ba ka san ko mene ne ba. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, tana da wani babban kundi da ta tara zanen miliyoyin fayiloli na manhajojin da aka sani. In 'yan sanda suka kama kwamfuta mai fayil dubu ɗari, sai su fitar da zanen kowanne su gwada da kundin, duk wanda aka sani na kamfani ne ba a taɓa shi ba a ture shi gefe, a mai da hankali ga sauran. Masu yaƙi da manhajar ɓarna su ma suna da nasu kundin na miyagu. Akwai shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Sifen a 2004, Google ta saye shi a 2012, inda za ka liƙa zanen fayil a gaya maka ko an taɓa ganinsa da abin da aka same shi da shi. Ina roƙon ma'aikata, zanen kaɗai za ku liƙa. Kada ku ɗora takardar ofis kanta, gama abin da aka ɗora a can wasu suna iya samunsa. In kuma aka ce ba a san fayil ɗin ba, wannan ba wanke shi aka yi ba, tun da mugu yana iya canja ɗigo ɗaya ya fito da sabon zane wanda ba ya cikin kundin kowa.

Da na tsaya a nan da na yaudare ku, domin akwai inda duk wannan tsari ba ya kaiwa. Zanen yatsa yana shaida cewa wannan shi ne abin da aka fitar. Ba ya shaida cewa abin da aka fitar mai kyau ne. A 2020 aka gano cewa wasu sun kutsa wurin da kamfanin SolarWinds yake harhaɗa manhajarsa, suka sa gubarsu kafin a buga hatimi. Kamfanin da hannunsa ya sa hannu, masu saye wajen 18,000 suka sauke, cikinsu har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Hatimi na gaskiya ne, zane na gaskiya ne.

Na 2024 ya fi ban tsoro. Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz wadda aikinta matse fayil ya ƙanƙance, tana kuwa cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya yi wajen shekara biyu yana taimaka wa mai kula da ita, yana gyare-gyare na kirki, har aka ba shi ikon fitar da sabon ƙunshi. Sai ya dasa ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani sashe na dabarar yana cikin ƙunshin da aka fitar kaɗai, ba ya cikin rubutun da jama'a suke dubawa a Git. Abin da ya tona asirin shi ne wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa daga nesa yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, bai ƙyale ba, ya bi diddigi, ya sanar a ƙarshen Maris, tun abin bai shiga manyan fitowar da jama'a suke amfani da su ba. Rabin daƙiƙa! Mu da muke jiran shafi ya buɗe minti guda ba mu ce kome ba.

Masana ba su naɗe hannu ba. Tun 2013 mutanen Debian da wasu suke aikin tabbatar da cewa duk wanda ya ɗauki rubutun asali na manhaja ya harhaɗa shi, zai sami ƙunshi iri ɗaya ɗigo da ɗigo. In haka ta samu, mutum uku a ƙasa uku suna iya harhaɗawa su gwada zanensu da na wanda aka fitar, in ya saɓa an san an yi wani abu a wurin harhaɗawa. Wannan zai kama irin ta SolarWinds. Irin ta xz kuwa sai an gwada ƙunshin rubutun da abin da ke Git, an kuma sami masu karanta rubutun da idon basira, wannan kuma aikin mutum ne.

Saura yadda za ku yi da hannunku, ba shi da wuya. A Linux ka rubuta sha256sum ka bi shi da sunan fayil. A Windows ka buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil, zai ba ka SHA-256 ba sai ka zaɓa ba. A Mac kuwa shasum -a 256. Abin da ya fito ka gwada shi duka, kada ka duba huɗun farko da huɗun ƙarshe ka ce ya yi, domin ƙera fayil mai dacewa da alamomi takwas ba wani aiki ba ne ga kwamfutar yau. Zanen da za ka gwada da shi kuma ka nemo shi ta wata hanya dabam da wadda fayil ya biyo, in akwai hatimi ka tabbatar da shi. Wanda aka ba aikin girka manhaja a kwamfutocin ofis daga filashi guda, ya fitar da zanen kowane fayil ranar da ya sauke shi daga tushe, ya rubuta a littafi ya ajiye, ya riƙa gwadawa duk sa'ad da filashin ya je hannun wani ya dawo.

Game da waya kuwa, inda muka faro, Android tana duba hatimi in za a sabunta manhajar da ke kanta, ta ƙi sabuwar in mabuɗin ya saɓa da na tsohuwar. Amma a girkawar farko ba ta da tsohuwar da za ta gwada da ita, saboda haka in yaron kasuwa ya zuba maka jabu tun farko, hatimin mai jabun ne wayarka za ta riƙe a matsayin na gaskiya. Manhajar banki dai, ina roƙonku, ku sayi data ku sauke ta daga rumbun da bankin ya ambata.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. Na zo da kwamfuta da fayiloli biyu waɗanda ɗigo ɗaya ya raba su, duk mai so ya matso bayan tambayoyi ya fitar da zanensu da kansa.